Ƙirjau da Farin Garin Tasalla

An yi wani zakaran gidan gona, irin fararen nan na nama da ke girma kamar ana hura su, sunansa Ƙirjau. Ga ci, ga girman kai. A kejinsu akwai wata 'yar ƙaramar kaza, Tsigi, mai tsoron tsiya. Sai kuma Gwaggo Zabuwa da ke kiwo a bayan raga, ba abin da zai wuce ba ta sa baki ba.

Bazara ta shigo, kwanon rufi ya ɗau zafi, kaji suka fara mutuwa ɗai-ɗai. Tasalla, mai kajin, ta je wurin likitan dabbobi ta dawo da wani farin gari a leda, wai shi torin, mai rage wa kaji wahalar zafi. Ɗan kaɗan take barbaɗawa a abincinsu, ta cuɗa sosai. Kuma da rana ta take, sai ta ɗauke kwanukan abinci ta rataye, ba ci sai la'asar.

Kaji suka ji dama-dama. Haki ya ragu, ci ya dawo.

"Kun gani?" in ji Ƙirjau, yana bubbuga ƙirji. "Ɗan mitsitsi ya yi wannan aiki, ina ga mai yawa? Matar nan rowa take mana!"

"Yaya, ba rowa ba ce," in ji Tsigi. "Na ji tana cewa likita ne ya auna mata."

"Rufe min baki, ƙashi da rai! Ke har kin isa ki yi maganar abinci?"

Gwaggo Zabuwa ta leƙo ta raga. "Kai yaro, ni na ga bazara kafin a ƙyanƙyashe uwarka. Gari taimako yake yi, ba ya hana rana fitowa."

"Gwaggo, je ki ci fararki. Wa ya kasa da ke?"

To, in gajarce muku. Wata safiya Tasalla tana cikin cuɗa abinci sai ta ji ƙaurin wakenta a kan wuta. Ta zuba musu haka nan ta ruga. Garin bai gauraya ba, ya taru fari fat a gefe guda na kwano.

Ƙirjau ya gani. Ya tafi da gudu ya kwanta a kai, duk wanda ya matso ya sha sara. Sannan ya dinga tonon abincin da ƙafa yana zubarwa ƙasa, yana rufewa da buntun shinkafar da aka shimfiɗa musu. Da Tasalla ta zo ta rataye kwanuka, ta mayar da ruwan sha can ƙarshen keji inda inuwar darbejiya take, ta ɗauki mayafi ta tafi kai niƙa. Ba ta san an yi ɓoyo ba.

Rana ta take. Kaji duk suka koma gindin ruwa, suka baje fukafukai. Ƙirjau kaɗai ya zauna a ɓangaren rana, ya tone ajiyarsa, ya hau ci.

"Yaya, don Allah ka bari!" Tsigi ta ƙwala masa kira. "Ci da tsakar rana yana ƙara zafin jiki, shi ya sa ake ɗauke mana!"

"Ku ake ɗauke wa, raggwaye. Ni na ci gari, rana ba ta da iko da ni."

Ya ci, ya ci, har maƙoƙonsa ya yi tsiri kamar an cusa dutse.

Can sai ya buɗe baki. Ya rufe, ya ƙi rufuwa. Haki ya taso masa, ƙishirwa ta kama shi. Ya dubi ruwa, ga shi can, yana ganin ƙyallinsa. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya faɗi a kan ƙirji.

"Tsigi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata. Zo."

Tsigi tana tsoron rana, tana tsoron saransa, amma ta zo. Ta sa kai ta tura shi. Ko motsi. Ta koma ta ɗebo ruwa a baki, kafin ta iso ya zube a buntu. Ta sake komawa. Ya sake zubewa.

"Taso mana, Yaya! Ja jiki ko kaɗan ne!"

Ya ja jiki da fiffike, ya ɗan matsa, ya tsaya. Tukkunsa ja ya fara komawa baƙi.

"Gwaggo, yi ihu! Kira Tasalla!"

Gwaggo Zabuwa ta haye katanga ta dinga tsala kuka, ƙurƙyat, ƙurƙyat, har maƙwabta suka fara tsaki. Shiru, ba Tasalla. Layin niƙa ya yi tsawo.

Ƙirjau ya miƙa wuya wajen ruwa, idanunsa suna lumshewa. Saura ɗan taki, amma ina!

Sai ga ƙarar ƙofa. Tasalla ta shigo da niƙa a ka, ta ji kukan zabuwa, ta leƙa keji. Ta dire ƙwarya, ta ɗaga Ƙirjau, ta tsoma bakinsa a ruwa. Bai haɗiya ba. Wuyansa ya langaɓe a hannunta.

"Gwaggo, za ta ba shi magani ko?" Tsigi ta tambaya.

Gwaggo Zabuwa ta sauko daga katanga, ta kau da kai.

Tasalla ta juya wajen zaure ta ɗaga murya tana kiran maigidanta: "Malam! Malam, yi sauri da wuƙa, kada ya zama mushe!"

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka auna maka, a aune yake da amfani. Magani yana taimakon mai bin ƙa'ida ne, ba ya tsaya wa mai haɗama. Kuma idan wanda ka raina ya ce maka bari, to ka bari tun ƙafarka tana iya kai ka bakin ruwa.