Ranar da Uwar Kwamfutoci Ta Sume

Ku yaran yanzu, kun ɗauka zama kan kujera ana surutu shi ne aiki. Ba himma, ba kunya, sai baki. Ku rufe min shi ku saurara, don zan tambaye ku.

A wani kamfani mai shirya wa maniyyata tafiya Makka, akwai ma'aikata uku masu kula da kwamfutoci: Barira, Sagir da Nafi'u. Shugabansu wani matashi ne, Manaja Tukur, mai son taro kamar ransa. Wata Alhamis ya zama dole a aika sunayen maniyyata ɗari uku kafin ƙarfe huɗu. In lokacin ya wuce, tsofaffin nan ba su ba Makka bana. Da hantsi sai kwamfutocin gidan suka tsaya cak.

Maimakon a duba, Tukur ya kira taro. Aka yi awa biyu ana neman mai laifi. Bayan azahar ya sake kiran wani, don a tattauna abin da aka faɗa a na farko. Barira na zaune a cikin taron. Ta taga tana hango tsofaffi a tsakar gida, sun shimfiɗa tabarmi suna jiran labari.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, biyu ta wuce. Bari in je in duba."

"Zauna, Malama. Ba a gama ajanda ba."

"Ajandar ce za ta kai su Makka?"

"In kika fita ƙofar nan, kada ki dawo."

Ta fita. Ta nufi ɗakin da ake ajiye uwar kwamfutocin, wadda duk sauran ke sha a jikinta. Tana buɗe ƙofa zafi ya buge ta kamar bakin tanda. An kashe na'urar sanyi, an manna takarda da rubutun Tukur: "Ɗakin da ba mutum ba ya bukatar sanyi." Ashe wutar ya karkatar zuwa ɗakin taronsa. Barira ta mayar da wutar, ta jawo fankoki, ta yi ta fama har uwar ta farfaɗo. Amma ta farfaɗo ne babu rabin sunayen.

Shi kuwa Sagir yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Kullum kafin ya tashi aiki sai ya kwafe komai cikin wani ɗan abu kamar yatsa, ya soke a aljihu. Malam Tsoro suke kiransa. Ranar sai ya biyo bayan Barira, ya zaro shi, ya cusa a jikin uwar. Sunaye suka dawo, ba wanda ya ɓace. Uku da rabi ke nan.

Aka zo aikawa, sabis ɗin intanet na gidan ya ƙi motsi. Nafi'u ya kwafi sunayen. Ya ɗaura ƙaramar kwamfuta a baya da rawaninsa, ya hau tsanin tankin ruwa cikin zafin rana, ƙarfe na ƙona masa tafin hannu. Can sama wayarsa ta kama sabis, ya haɗa ta da kwamfutar, ya shiga aikawa. Suna na ƙarshe ya wuce saura minti huɗu.

Da Hajiya Lantana mai kamfanin ta ga takardar da Tukur ya manna, ba ta kira taro ba. Ta tsayar da Tukur a tsakar gida, ya faɗa wa tsofaffin abin da ya yi da bakinsa, ya miƙa makullai, ya fita ba ko sallama.

Kujerarsa na nan ba kowa, kuma Hajiya ta ce cikin ukun nan za ta ɗora ɗaya. Barira ta sa aikinta a bakin wuta, Sagir ya jure dariyar shekaru, Nafi'u har yau hannunsa na ɗaure. To, ku faɗa min, wa ya kamata ya zauna a kanta?