Zumar Shekarar Fari

Ku gyara zama, ku ajiye hira. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalan. Wanda ya san gaggawa yake yi ya tashi tun yanzu, don idan na kai ƙarshe ba mai fita sai ya faɗi nasa.

A wani gari da ake kira Gangaren Marke an yi wani mutum, Nomau Mai-zuma. Masu zuma suna da yawa a ƙasar, amma aikinsa daban yake. Sauran sukan sauke amya, su tace, su juye duka a tulu ɗaya su nufi kasuwa. Shi Nomau ko kusa. Zumar fadama tulunta daban, ta jigawa daban, ta gindin dutse daban, kuma ta bana ba ta shiga cikin ta bara. Yakan ce ƙudan da ya yi kiwo a furen ɗorawa ba zai ba ka abin da na furen kaɗanya ya ba ka ba, ita ma ɗorawar, shekarar da ta ƙoshi da ruwa daban take da shekarar da ta sha ƙishirwa. Kowace shekara yakan rage kaɗan, ya liƙe bakin tulun da kaki, ya ajiye a wani ɗaki mai sanyi a ƙuryar gida. Da suna yake kiran tulunan kamar 'ya'yansa: ga ta shekarar da fara ta sauka a gonaki, ga ta shekarar da kogi ya cinye gada, ga ta shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci. In mai jego za a kai wa, ko amarya, ko tsoho mai tari, sai ya zauna ya ɗebo nan ya ɗebo can, yana ɗanɗanawa yana lumshe ido, har haɗin ya zauna. Mutum ne mai taurin kai da son yabo, ba zan ɓoye muku ba, amma harshensa ya cancanci yabon.

Matarsa ɗaya, Tabawa, tun suna da ƙuruciya suke tare. 'Ya'yansu uku: Korau babba, sai Lantana, sai autansu Tanimu.

Da tsufa ya zo, wani zazzaɓi ya kwantar da Nomau. Ya tashi, amma ya tashi ba ɗanɗano, zuma da ruwan randa duk ɗaya a bakinsa. Bai gama makokin harshensa ba sai Tabawa ta kwanta. Aka kai ta asibiti, aka ba ta magani, ciwon ya sauka, amma ci ya ƙi dawowa. Likita ya ce shi ya yi nasa, saura ta ci abinci, in ba ta ci ba kuwa ba abin da allura za ta yi mata. Aka dawo da ita gida tana ta ramewa, har awarwaron hannunta ya riƙa zamewa yana faɗuwa a tabarma.

Nomau ya shiga ɗakin tuluna ya fasa wanda ya fi ji da shi, na shekarar rijiya, aka dama kunu aka zuba. Tabawa ta taɓa da leɓe ta juya fuska bango. Ya fasa na fadama, ta juya. Ya fasa na furen kaɗanya, fara tas mai ƙamshi, wadda attajirai suka yi ta roƙo ya hana, ta juya. Tsoro ya kama shi sosai, ya durƙusa a gefenta.

"Tabawa, faɗa mini wadda kike so. Ko a ina take."

Ta ce, "Malam, irin wadda ka sa mini a kunu da na haifi Auta."

Gaban Nomau ya faɗi, don shekarar da aka haifi Tanimu ita ce shekarar fari. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba, fadama ta tsage, itatuwa suka ƙi fure sai maɗaci kaɗai. Danginta duk sun tafi cin rani, haihuwar kuma ta zo da gardama har aka fid da rai. Shi da kansa ya riƙa dama kunu yana ba ta, abin da maza ba su saba ba, yana zuba 'yar zumar da ya samu. Baƙa ce, mai ɗaci a ƙarshen harshe, mai warin hayaƙi. Kunyarta yake ji. Da shekara ta zagayo aka sami damina mai kyau, sai ya ce wannan abin ba zai zauna a cikin tulunansa ya ɓata masa suna ba, ya sa aka zubar a bayan gida. Duk shekarun duniya suna cikin ɗakin nan, ita kaɗai ce babu, kuma ita matarsa take nema.

Ya fito tsakar gida ya faɗa wa 'ya'yansa, hawaye na bin gemunsa. Ba su taɓa ganin ya yi kuka ba.

Lantana, wadda ta baro ɗakin mijinta a wani gari ta zo jinya, ta miƙe. Ta yafa mayafi ta hau mota zuwa garin mijinta. Da ta dawo sai ta durƙusa gaban ubanta ta kwance wani tsumma, ga ɗan gora kamar dunƙulen hannu. Ta ce, "Baba, ni ka aika in zubar. Ban zubar duka ba." Ashe a shekarar farin, tana 'yar yarinya, takan laɓe a bakin ƙofa kowace safiya tana duba ko innarta na numfashi, kuma ta lura ba ta buɗe ido sai warin zumar nan ya shiga ɗakin. Da aka ce ta zubar sai hannunta ya ƙi. Ta ɓoye ɗan goran a ƙarƙashin gadon kakarta, da aka yi mata aure ta tafi da shi a gindin kwalla. Duk haihuwar da ta yi, idan tsoro ya kama ta, takan buɗe ta shinshina ta mayar, ba ta taɓa lasa ba. Yanzu ta miƙa shi duka. Sai dai zumar ta bushe ta daskare kamar ƙaro, kuma ba ta fi cikin cokali ba. Ta isa a gane abin da ake nema, ba ta isa ta ciyar da mara lafiya ba.

Korau shi ne mai rataya amya tun yana saurayi, ba ya da yawan magana, ga gwiwa da ta fara ba shi wahala. Ubansa ya sha yi masa ba'a cewa harshensa bai san bambancin zuma da rake ba, kuma gaskiya ne. Amma ƙasar nan ba inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ya shinshina goran, ya ji bayanin maɗaci. A wannan shekarar ta jinya kuwa an yi ruwa har ya yi yawa, duk zumar da ke amya fara ce mai zaƙi. Can sai ya ce, "Na san inda kullum fari ake yi." Wani fako ne a kan dutse can gabas da gari, ƙasar marmara, ruwa ba ya kwana a kanta, ba abin da ke tsiro sai waɗansu tsofaffin itatuwan maɗaci, kuma ya taɓa ganin ƙudan zuma na shiga kogon ɗaya daga cikinsu. Ya ɗaura wa jakinsa tulu ya tafi. Ya hau dutsen da gwiwar nan tasa, ya hau maɗacin, ga ƙudan daji ba irin na amya ba ne, ba su san mutum ba. Suka yi masa rubdugu, bai saki ba sai da ya cika tulun. Ya sauko idanunsa sun kumbura sun rufe ruf, ya kama wutsiyar jakin, jakin ne ya kawo shi gida. Aka tace, baƙa ce kuwa, mai ɗaci. Aka zuba a kunu. Tabawa ta kurɓa, wannan karon ba ta kau da kai nan take ba, ta riƙe a baki, sannan ta girgiza kai ta ce, "Ta yi kusa." Ta sake juyawa bango.

Tanimu shi ya gaji harshen, kuma abin da ya raba shi da ubansa ke nan. Tun yana ƙarami in ya ɗanɗana haɗi yakan faɗi abin da ya ji, ko da a gaban baƙi ne, Nomau kuwa ba ya son gyara. Ya hana shi shiga ɗakin tuluna, Tanimu ya koma ɗinki a bakin kasuwa. Yanzu sai ya rufe shago. Ya bar goro, ya bar yaji, ya bar shayi, ya zauna a kan farin tuwo da ruwa har bakinsa ya wanke, alhali yana ganin innarsa na ƙara yin nisa, kowa na ce masa ya yi sauri. Sannan ya ɓanɓari zumar Lantana kamar ƙwayar gero ya ɗora a harshe, ya rufe ido.

"Maɗacin yana nan," in ji shi. "Amma akwai wani sanyi a ƙarƙashinsa, irin na fadama. Kuma hayaƙin nan ba na ciyawa ba ne. Baba, da me ka kori ƙudan a shekarar?"

Nomau ya dafe kai. Ya manta shaf. A shekarar ba ciyawa, dabbobi sun cinye har saiwa, da busasshen ɓawon ɗorawa da aka tara don daɓe ya yi hayaƙi. Kuma da ya ga zumar ba ta da yawa, sai ya kankare gindin tulun fadama na shekarar da ta gabata ya ƙara a kai.

Tanimu ya samo ɓawon ɗorawa ya turara sabon tulu, yadda mata ke turara randa. Ya shiga ɗakin da aka hana shi, ubansa na biye. Wannan tulun na fadama ya ƙare tuntuni, dole ya nemi mai kama da shi a cikin sauran shekaru. Ya ce, "Baba, miƙo mini ta shekarar fara." Tsohon ya miƙa. "A'a, ta yi nauyi. Ta shekarar gada." Ya miƙa. Nomau Mai-zuma, wanda ba a taɓa aika ba, ya wuni yana miƙa wa autansa tulu, kuma bai ji haushi ba, daɗi ma ya ji. Tanimu na haɗawa yana gwadawa da ta Lantana, duk gwaji kuwa sai ta ragu. In ta ƙare bai dace ba, shi ke nan, ba wani ma'auni kuma a duniya. Da ya rage ɗan mitsitsi a gindin goran, sai ya tsaya, ya ɗanɗana haɗin. Ya narka ragowar da ɗan ruwan ɗumi ya juye a ciki, ya ce, "Baba, kai mata."

Washegari da hantsi Nomau ya dama kunun da hannunsa, ya shiga ɗakin. Bai kai ga zama ba Tabawa ta buɗe ido ta juyo. Ya tallafo kanta, ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta kama ƙwaryar da hannunta biyu.

"Ita ce, Malam," in ji ta. "Kai kana jin kunyarta. Ni kuwa duk zumar da ka haɗa wa mutane ba wadda ta kai ta a wurina. A shekarar ba ka da komai, ka ba ni abin da kake da shi."

Ta sake kai ƙwaryar baki. Daga wannan rana ta kama ci, ta ga damuna da yawa bayan haka, ta goyi jikoki, amma wannan gaba ne. A ranar dai ta sha har ya rage kurɓi ɗaya a gindin ƙwarya, sai ta tsaya ta tura masa.

"Wanda ya dawo mini da ita a cikin yaran nan, ba shi wannan ya shanye. Albarkata tana ciki. Kada a raba, bai kai a raba ba."

Ta mayar da kai ta yi barci, barcin mai samun sauƙi.

Nomau ya fito da ƙwaryar a hannu. Ga su nan su uku a tabarma a bakin ƙofa, sun ji komai, kowa ya sunkuyar da kai. Ya dubi Lantana da goranta wanda ba komai a ciki yanzu. Ba don ta saɓa masa ta ɓoye ba, da ba wanda zai san abin da ake nema. Ya dubi Korau, wanda har yanzu ido ɗaya ne ya buɗe. Ba don ya san ƙasa ya hau dutsen ba, da ba abin da za a zuba a kunun. Ya dubi Tanimu, hannunsa duk danƙon zuma. Ba don harshensa ba, da ta Lantana ta ƙare a banza, ta Korau kuma ta tsaya a "ta yi kusa". Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bambance wannan da wancan, ga shi tsaye ya rasa wanda zai zaɓa, kunun kuwa yana ta hucewa.

To, ga ƙwaryar nan na sa a hannunku. Kurɓi ɗaya ne, uwa kuma ta ce kada a raba. Lantana, Korau, ko Tanimu, wa za ku miƙa wa?