Wutsiyar Zomo a Turken Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata shekara aka yi fari, rijiya ɗaya ta rage wa namun daji. Ba wanda ya yarda da wani, sai suka naɗa shaidu a bakin rijiya, suna faɗin wanda ya sha da wanda bai sha ba, don kada wani ya sha sau biyu a rana. Amma kowane mai shaida sai ya ɗaure wutsiyarsa a turke, jingina ke nan. In ya faɗi gaskiya, a ba shi zuma gwargwadon tsawon wutsiyar. In ya yi ƙarya, Ɓauna na tsaye da gatari.

To, a lokacin Zomo wutsiya gare shi har tana jan ƙasa. Zuma yake samu sosai, amma ina, kwaɗayi bai bar shi ba. Ya je wajen Kura.

"Yaya Kura, kawo wutsiyarki mu haɗa da tawa. Ke dai ki yi barcinki, ni in yi shaida, mu raba zuma."

Kura ta ce, "Barci kawai?"

"Barci kawai."

Aka ɗaure wutsiya biyu a turke ɗaya. Kura na minshari, zuma na zuwa.

Ran nan Biri ya sha ruwa da safe, Zomo ya ce, "Ya sha!" Da azahar Biri ya dawo, ya tura masa gyaɗa a ɓoye. Zomo, ɗan banzan nan, ko kunya babu, ya ce, "Bai sha ba!"

Kunkuru ya saki baki. Bushiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Baki ɗaya, shaida biyu?"

Zomo ya ce, "Ku tsaya in yi bayani..."

Ɓauna ba ta iya jiran bayani ba. Fau! Wutsiyar Zomo ta tafi duka, ta Kura rabi.

Kura ta zabura da ihu. "Wayyo! Ni me na yi? Barci fa nake!"

Kunkuru ya ce, "Da kika sha zumarsa ma barci kike."

Kura ta yi kukan kura ta bi Zomo. Ta kai cafka inda ta saba ganin wutsiya, sai iska ta cafko. Zomo ya faɗa rami, ya leƙo yana haki, ya ce, "Yaya, ki gode wa Ɓauna! Da ta bar min ita, da yanzu kin yi kisan kai!"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu mai gajeren jela! In za ku ɗaura wutsiya da ta wani, yara, ku bar ido ɗaya a buɗe.