Wakilin da Bakinsa Ya Kasa Cewa A'a

Akwai wani mutum, wakili ne a gonar wani mai arziki. Gonar babba ce, da shanun huɗa da lambun mangwaro da ma'aikata masu yawa, dukansu kuwa a ƙarƙashin hannun wakilin nan suke. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: bakinsa ba ya iya furta a'a. In ka roƙe shi abin da ba shi da shi, sai ya yi murmushi ya ce, "To, bari mu gani." Mutane kuwa suna ta yabonsa, wai ba shi da wulaƙanci.

Wata shekara da bazara, mai gonar ya kira shi ya ce, "Bara mun yi hasara. Bana ba zan ƙara ko mutum ɗaya ba, waɗanda suke nan ma da ƙyar zan riƙe su. Kada ka sa wa kowa rai." Wakilin ya ce ya ji.

Ba a daɗe ba sai ga baƙo daga ƙauyensu. Siman ne, ɗan yayarsa. Yayar nan ita ta goye wakilin bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu kuma mijinta ya rasu, idanunta sun fara dushewa. Siman magidanci ne mai mata da 'ya'ya ƙanana, shi yake riƙe da tsohuwar. Abin da ya mallaka duka wata 'yar gona ce da mahaifinsa ya bar masa. Ba ta wadatar da su, amma tana kai su daga kaka zuwa kaka.

Ya shigo riƙe da zakara, ya durƙusa ya gai da kawunsa. Bayan ya sha ruwa sai ya ce, "Kawu, Inna ce ta turo ni. Noman ya gajiyar da ni, gonar kuma ta tsufa. Ka taimaka ka sa ni cikin ma'aikatanku, ko da kiwon shanu ne, ko gadi. Ba na zaɓe."

A ƙauyensu kuwa akwai wata al'ada. In mutum ya zo wurin babba da roƙo, da abin gaisuwa a hannunsa, babban da ba zai iya ba yakan sa albarka a kan abin, ya ce a mayar wa yara. Ba wanda yake jin haushi, kowa ya gane. Amma in ya karɓa, aka yanka, aka ci tare, to, ya ɗauki maganar ke nan a wuyansa. Wakilin ya san wannan sarai, a cikinta aka haife shi.

Ya dubi Siman, ya tuna da bayan yayarsa, sai bakinsa ya yi nauyi. Ya ce, "Madalla, ɗana. Bari mu gani bayan ruwan shuka." Sa'an nan ya miƙa wa matarsa zakaran.

Matar ta ja shi gefe ta ce, "Maigida, ba kai ka ce mini babu wuri ba? Ka faɗa masa mana tun wuƙa ba ta hau ba."

Ya ce, "Da wane ido zan dubi Yaya? Ki dai dafa. Shi da kansa zai gaji ya bari."

Aka yanka zakara, aka ci, aka yi hira har da dariya. Siman ya koma gida yana murna, ya ce wa mahaifiyarsa, "Kawu ya karɓa." Tsohuwa ta ɗaga hannu ta gode wa Allah.

Da hadari ya fara haɗuwa, Siman ya ce a ransa, "Ga shi zan tafi aiki, bai kamata gona ta zauna haka ba." Sai ya ba wani maƙwabcinsa aronta na shekarar. Irin gero da na dawa da ya rataya a ɗaki tun kaka, ya sauke ya ba matarsa ta daka, gama tsaba ta yi ƙasa a rumbu, shi kuma yana ganin ba shi da sauran bukatar iri. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka. Maƙwabcin ya shuke gonar kaf. Siman yana zaune a ƙofar gida da kayansa a ɗaure, yana jiran aike daga kawunsa.

Aike bai zo ba, sai ya je da kansa. Wakilin ya tarbe shi da fara'a, ya ce mai gonar ya yi tafiya. Ya sake zuwa, aka ce bari a gama noman fari. Ya kuma zuwa, aka ce ai maganar tana nan, ba a manta ba. Kowane zuwa da tuwo mai kyau, da gaisuwa zuwa ga Yaya. Wakilin kuwa duk sa'ad da ya hango shi daga nesa sai ya ji kamar ya ɓuya, amma da Siman ya iso sai murmushin nan ya dawo. Yana jin tausayinsa ƙwarai, sai dai ya fi jin tausayin kansa.

Haka aka yi ta yi har marka ta kama. Ran nan Siman ya zo a jiƙe, ya rame, ya ƙi ko zama a tabarma. Ya ce, "Kawu, rumbu ya ƙare. Yau zan fara, ko gobe?"

Wakilin ya ga babu sauran wurin ɓuya. Ya kama hannunsa ya zaunar da shi, ya ce, "Siman, ɗana, ka yi haƙuri. Ba ni da ikon ɗaukarka. Mai gonar ya ce bana ba zai ƙara kowa ba, ni kuwa ba zan iya ƙetare maganarsa ba. Ba don ka kasa ba ne, ba kuma don ba na ƙaunarka ba. Ka koma ka riƙe gonarka da kyau."

Magana ce mai kyau, mai ladabi, ba wanda zai ga aibunta. Siman ya ce, "Yaushe mai gonar ya faɗa maka haka?"

Wakilin ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun bazara."

Siman ya ce, "Kawu, da ran nan ka faɗa mini wannan maganar, da yanzu gerona ya fid da kai. Wace gona zan koma? In je in tuge shukar mutum?"

Ya tashi ya tafi, bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Wakilin ya aika masa da hatsi daga baya, amma hatsin kyauta bai kai su ko'ina ba. Da kaka ta yi, Siman yana tsaye yana kallo maƙwabcinsa ya kwashe dammunan gero daga gonar mahaifinsa. Ya mai da matarsa da yara gidan iyayenta su ci abinci a can, shi kuma ya tafi ci-rani wata ƙasa mai nisa. Tsohuwar ta rage ita kaɗai a gidan. Da wakilin ya je gaishe ta, ta amsa masa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ba ta tambaye shi iyali ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, wakilin nan mu ne, kowane ɗayanmu da Allah ya ba ɗan wuri, ko a ofis, ko a makaranta, ko a shago, 'yan'uwa kuma suna ganin kamar mabuɗin duniya yana aljihunsa. Gonar Siman kuwa ita ce lokacin mai roƙo da ƙarfinsa da 'yar hanyar da yake da ita ta neman abinci. Duk ranar da ka sa masa rai a kan abin da ka san babu, yana sakin abin da ke hannunsa saboda maganarka.

Ku lura, laifin wakilin ba rashin ba da aiki ba ne. Aikin ba nasa ba ne, Ubangiji kuma ba ya tambayar mutum abin da bai ba shi ba. Laifinsa shi ne ya ji tsoron fuskar mutum fiye da yadda ya ji tsoron Allah. Ya yi ƙarya, ya sa mata rigar kunya, ya kira ta zumunci. Abin nan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin ya yi yawa a cikinmu, har a kujerun dattawan ikilisiya. Mun iya "za mu gani", mun iya "ana kan magana", mun iya "ka ci gaba da addu'a", alhali mun riga mun san amsar. Muna sa ɗan'uwa yin addu'a a bakin ƙofar da muka san a kulle take.

Wani zai ce, "Ai ba halinmu ba ne mu ce wa na gida a'a ƙiri-ƙiri." Wa ya ce ka yi masa tsawa? Ka tarbe shi, ka ba shi ruwa, ka ji shi har ya gama. Sa'an nan ka ce, "Wannan ba zan iya ba," ka faɗi dalilin in yana faɗuwa. In akwai ƙaramin abin da za ka iya, ka ambace shi, kada ka ƙara masa gishiri. Zai ji zafi, mai yiwuwa uwarsa ta yi fushi da kai. Wannan zafin naka ne, ka ɗauke shi, kada ka juye shi a kan 'ya'yan wani.

Na sani a cikin masu jin wannan akwai wanda wani yake jiran amsarsa yanzu haka, ya kuwa san amsar tun tuni. Mutumin nan ya ƙi wani aiki saboda kai, ko ya fasa wata tafiya, ya kuma gaya wa matarsa cewa an kusa. Kada ka jira ya gaji ya bari, ba zai bari ba, gama ya amince da kai. In an tashi daga sujada ka nufi gidansa kafin ka nufi naka.