Kura da Tukunyar Dalma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiya ta ja baya, aka yanka wa kowace dabba guga biyu a yini. Kura takan sheƙa nata a lambu gaba ɗaya, kafin azahar ƙasa ta shanye, tumatir ya langaɓe.

Maƙwabciyarta Bushiya kuwa sai ta binne tsohon tulu har wuya a tsakiyar shukarta, ta cika shi da ruwa, ta rufe bakin.

Kura ta ce, "Bushiya, yaushe tulu ya rasu ba a gaya mana ba?"

Bushiya ta ce, "Tulun ƙasa yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, saiwa tana sha."

Kura ba ta ji ba, tana can tana kwasar dariya. Bayan mako biyu ta ga lambun Bushiya kore shar. Ta ce ita ba za ta binne kayan matsiyata ba. Ta sayo tukunyar dalma sabuwa fil, mai ƙyalli, ta binne, ta cika.

Kwana bakwai tumatirinta ya bushe ƙayau. Ta buɗe murfi, ga ruwa cike maƙil. Ta kira Bushiya tana huci: "Asiri kika yi mini."

Bushiya ta leƙa, ta ce, "Babu asiri, Yaya. Tukunyar ce ta ɗauko halinki. Cikinta a cike, na kusa da ita suna mutuwa da ƙishi."

Ƙurunƙus, kan ɓera a bakin tulu.