Takwarar 'Yar Hansatu

Ku matso kusa, ga wata nan na kawo muku, idan na gama ku za ku yanke hukunci.

Akwai wata mata mai suna Hansatu, malamar firamare a wani ƙauye na cikin fadama da ake kira Ɗinyar Ruwa. Ita da ƙawayenta na sakandare suna da guruf a waya, su kusan talatin. Shekara huɗu tana cikinsa, ko gaisuwa ba ta taɓa turawa ba, shi ya sa suke ce mata Hajiya Shiru. Amma babu abin da ke wuce ta. Da ta taso daga makaranta sai ta zauna a gindin rumbu ta karanta komai, tana murmushi ita kaɗai, tana mamakin yadda Allah ya ba wasu baki.

Mutum uku ne suka riƙe guruf ɗin nan. Akwai Ramlatu, mai shagon gyaran waya a Kano, wadda duk labarin fasaha ita ke fara kawo shi. Akwai Suwaiba, da ke zaune a garin da sakatariyar ƙaramar hukumarsu take, ita kuwa ko zancen miya aka ɗauko sai ta kai shi siyasa. Sai Murjanatu, 'yar masunta, mai bandar kifi a kasuwar garin, wadda ba ta rubutu sai saƙon murya, kana jin hayaniyar kasuwa a bayanta.

Wata rana Ramlatu ta turo labarin an harba sabon tauraron ɗan Adam. Ta ce, "Ku duba ikon Allah! Nan gaba kaɗan ɓata hanya zai zama tarihi. Duk inda kike, abin nan ya san inda ƙafarki take."

Suwaiba ta ce, "Shi ne ma abin tsoron, Madam Tauraro. Na waye? Ranar da masu shi suka yi fushi suka kashe, ke da taswirarki sai ku zauna ku kalli juna. Mu da aka sayo mana jiragen ambaliya biyu aka kulle a sakatariya ana jiran bikin buɗewa, mu ne za mu yi zancen sama?"

Sai ga muryar Murja. "Ke Honarabul, sha ruwa. Ke kuma Madam, babana shekara hamsin yana cikin ruwa bai taɓa tambayar waya hanya ba. Taurarin Allah ma sun ishe shi, ba ya cajin su."

Haka suka kwashe kwana uku a kan maganar. Hansatu tana karantawa, kowace ta yi magana sai ta ji kamar ita ce da gaskiya.

To, a lokacin Hansatu tana da tsohon ciki, na fari. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye hanyar mota, ba fita sai ta kwalekwale. Ran wata Laraba da hantsi naƙuda ta taso mata. Ungozomar ƙauyen ta duba ta, ta ce kwanciyar abin da ke cikin ba daidai ba ce, a kai ta asibiti yanzu, kada a jira. Ita ungozomar ciwon ƙafa ya hana ta shiga jirgi, maza kuma duk sun tafi cin kasuwar ƙetare tun da sassafe. Sai mijinta, Malam Sadau, ya ari kwalekwale. Shi ma malamin makaranta ne, mutumin tudu, aiki ne ya kawo shi. Ya buɗe taswira a wayarsa, ta nuna masa ruwa shimfiɗe har gari. Abin da taswirar ba ta sani ba, kacala ta daɗe da cinye wannan ruwan, ciyawar nan mai tsayi wadda ta fi mutum a tsaye.

Da suka iso bakin kacalar ya ga ƙofofi da yawa da masunta suka sassare. Ya zaɓi wadda ta fi faɗi. Ya ga an ƙulle kan ciyawar bakin ƙofar, bai kawo komai a ransa ba. Suka yi ta tafiya, hanya tana matsewa, har ta ƙare. Ya juya, ya shiga wata, ita ma ta ƙare. Kafin azahar kwalekwalen ya maƙale, sandar tuƙi ta karye, wayarsa ta mutu. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe, tsuntsaye ne kawai suka tashi.

Hansatu tana kwance tana cije mayafi. Ta laluba wayarta, caji saura kaɗan, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ta rubuta maganarta ta farko a guruf: "Ku taimake ni. Naƙuda nake. Mun ɓata a cikin kacala."

Ramlatu ce ta fara gani. Ta ajiye wayar mutane da take gyarawa a buɗe, ta kira, kira ya ƙi shiga. Ta ce a turo wuri ta taswira, sabis ya kasa ɗauka. Nan mata suka ruɗe a guruf, wannan na salati, wannan na kuka. Ramlatu kuwa ta tuna wani abu, ta tura gajeren tes: "Hansatu, buɗe manhajar da kike duba alƙibla. A ƙasa akwai lambobi layi biyu. Su ba ruwansu da sabis, daga tauraro suke zuwa. Kwafo min." Lambobin suka iso, ta sa a kwamfuta, sai ta ga sun faɗa tsakiyar wata ƙasa can daban. Ba ta firgita ba, ta gane zafin ciwo ne ya sa aka tsallake lamba ɗaya. Ta ce a sake a hankali. A karo na biyu ɗigon ya sauka a cikin fadama daidai. Ta ce, "Na gan ki. Kashe wayar, ki riƙa kunnawa duk bayan rabin awa." Daga nan ba ta motsa daga gaban kwamfutar ba. Ba don ita ba, da ba wanda ya san ta gefen da za a fara nema, a fadamar da mutum zai kwana biyu bai zagaye ta ba.

Suwaiba kuwa ko gama karantawa ba ta yi ba ta zari hijabi. Ta san kwalekwalen hannu ba zai kai da wuri ba, ta kuma san inda jiragen nan masu inji suke. Ta isa sakatariya, mai gadi ya ce makulli yana wurin ciyaman, shi kuma yana taro. Ta ture ƙofar ɗakin taron ta shiga. Ta fara da abin da ta saba, faɗa da tone-tone, ta ce duniya za ta ji. Mutumin, da ta shekara tana caccakarsa a intanet, ya haɗe rai ya ce a fitar da ita. Sai Suwaiba, wadda ba a taɓa ganin ta rusuna wa ɗan siyasa ba, ta durƙusa gwiwa biyu a gaban mutane. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ka tsana, kuma na ji. Ita ba ta taɓa ce wa kowa komai ba. Rai biyu ne." Ta miƙa masa wayar, ya karanta saƙon Hansatu. Sai ya ciro makulli daga aljihu, ya ce a haɗa da direba da nas, motar asibiti kuma ta jira a bakin ruwa. Ba don ita ba, da jirgin yana nan a kulle da sabon fentinsa.

Murja tana tsakiyar banda ta ji. Ta bar kifi a kan wuta, ta ɗauki lauje, ta riga kowa isa bakin ruwa. Jirgi ya yi gudu har bakin kacala, nan direba ya tsaya. Ramlatu tana kan layi tana cewa, "Ku miƙe arewa sak, kun kusa!" Murja ta ce, "Madam, arewa sak bango ne, sai dai ki aiko mana da fukafukai." Ta hau gaban jirgin tana duba kan ciyawa. Ashe masuntan wurin suna da al'ada: duk hanyar da suka sare, sai su ƙulle ciyawar bakinta. Ƙulli ɗaya, hanya ce mai ɓullewa. Ƙulli biyu, ta shiga ce kawai inda ake kafa raga, ba ta fita ko'ina. Ta ce baƙo ƙofa mai faɗi zai bi, mai faɗin kuwa ƙulli biyu gare ta. Suka shiga, tana karanta ƙulli, Ramlatu tana gaya mata sun matso ko sun yi nisa. Inda jirgi ya kasa wucewa ta dire cikin ruwa har ƙirji, tana sara da lauje, matsattsaku suna manne mata a ƙafa ba ta ko duba ba, tana kira, "Hajiya Shiru! Yau dai ki yi magana!" Can ta ji wata 'yar murya ta amsa. Ita ta janyo kwalekwalen da hannunta har gindin jirgi. Ba don ita ba, da sun tsaya da lambobinsu da injinsu a bakin ciyawa har rana ta faɗi.

Kafin la'asar ta wuce an shiga da Hansatu tiyata. Aka ciro 'ya mace, uwa lafiya, 'ya lafiya. Likitar ta ce da an ƙara awa guda, da labarin ba haka yake ba.

Malam Sadau ya zauna a bakin gadon, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya ce, "Ni na shigar da ku, ƙawayenki suka fitar da ku. Sunan yarinyar nan na bar miki. Ki yi wa ɗaya daga cikinsu takwara."

Magana ta isa guruf, aka dasa sabon musu. Wasu suka ce Ramlatu, don ba a ceton wanda ba a san inda yake ba. Wasu suka ce Suwaiba, don ita ce ta ajiye abin da ya fi mata tsada, girman kanta. Wasu suka ce Murjanatu, don ita kaɗai ce ta sa jikinta a ruwa. Su ukun ma ba su bari ba. Ramlatu ta ce, "Yanzu dai kun yarda da tauraro?" Murja ta ce, "Tauraron da ya tura su cikin ciyawa?" Suwaiba ta ce, "Ku yi ta yi, da ƙafa za ku je?" Amma Hansatu ta samu labarin cewa tun a ranar, Ramlatu ta roƙi Murja ta koya mata ƙullin nan, Suwaiba kuma ta tambayi inda ake ganin lambobin, a ɓoye, ba a guruf ba.

Yau kwana shida. Gobe da safe liman zai zo, an sayi rago, an kawo goro. Hansatu tana zaune da jaririya a cinya da waya a hannu. Ta rubuta suna ta goge, ta rubuta wani ta goge. Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya za a raɗa mata.

To, ku da kuka ji, tsakanin wadda ta gano inda take, da wadda ta durƙusa ta karɓo jirgi, da wadda ta shiga ruwa ta fito da ita, sunan wa ya kamata yarinyar nan ta ci?