Mai Gyaran Rediyo da Jirgin da Ya Ɓata

Akwai wani mai gyaran rediyo da ake wa laƙabi da Farfesa. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, bakinsa ne. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, cike da matattun lasifikoki da warin dalma, amma in ya zauna a ciki sai ka rantse shi ake tuntuɓa kafin rana ta fito.

Wata rana jirgin sama ɗauke da fasinjoji ya ɓace a kan teku. A cikinsu har da ɗan yayar Farfesa, wanda ya tafi wani kwas ya bar mata da jaririya.

Kamfanin jirgin ya ce kowane iyali su ba da lambar waya ɗaya da za a riƙa tuntuɓarsu. Yayar tasa ba ta iya karatu ba, surukarta kuma kuka ya hana ta magana. Farfesa ya yi caraf ya ba da tasa.

Mutane suna jimami, shi kuwa kasuwarsa ce ta buɗe. Ya ciro maganaɗisu daga bayan wata lasifika, ya ajiye ƙusa a kan tebur, ya kafa waya yana ɗaukar bidiyo.

"Ku duba nan," in ji shi. "Rana ce ta yi aman wuta, ta turo igiyar maganaɗisu daga sararin samaniya. Ga jirgi, ga igiya." Ƙusa ta yi tsalle ta manne. "Kun gani? Jirgin bai faɗi ba. Yana can maƙale a sama, mutanen ciki lafiyarsu ƙalau. Ranar da igiyar ta saki, zai sauko."

Maƙwabcinsa mai haɗa tagogi ya miƙo masa guntun alminiyam. "Farfesa, na ji an ce yawancin jikin jirgi da wannan ake yi. Ɗan gwada mana."

Farfesa ya kara maganaɗisun a jikinsa, guntun ko motsi bai yi ba.

"Na sama daban ne," in ji Farfesa, ya ture shi gefe. "Kai dai je ka ci gaba da yankan gilashinka."

Abin takaici, bidiyon ya yi ta yawo. Mutanen da ko fitila ba su iya gyarawa suka yi ta rubuta masa "Allah ya ƙara basira". Kansa ya ƙara kumbura.

Kullum da yamma sai ya je gidan yayarsa, ya zauna a kujerar da ta fi kowacce laushi. "Yaya, ki daina kuka. Ɗanki na nan da ransa. Ni na san abin da nake faɗa."

Wace uwa ce za ta ƙi jin haka? Ta share hawaye, ta hana a taɓa ɗakin ɗanta, kullum tana shanya masa tawul.

Surukar ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. "Kawu, har yanzu mutanen jirgin ba su kira ba?"

"Me za su faɗa miki wanda ban faɗa ba?"

Alhali sun kira. An gano tarkacen jirgin a ƙarƙashin ruwa, an fito da gawawwakin da aka iya samu. Ana neman uwa ko ɗa daga kowane gida ya je a ɗauki yawunsa a gwada, don a gane wane ne wane. Aka ba da wata guda. Sau huɗu ana kiran Farfesa, aka kuma turo saƙo.

Ya karanta, ya taɓe baki. In ya kai wannan saƙo gida, me zai ce wa masu kallonsa? Sai ya goge shi, ya sake sabon bidiyo yana cewa tarkacen na bogi ne, an zuba su ne don a rufe gaskiya.

Bayan wata biyu surukar ta kai jaririyarta rigakafi. A layin asibiti ta haɗu da wata mata da ta gani ran da aka tara iyalai, wadda ita ma mijinta na cikin jirgin.

"Baiwar Allah, ba mu gan ku wajen gwaji ba," in ji matar. "Mu mun karɓi namu mun binne. Waɗanda ba a zo nema ba, su goma sha ɗaya, an binne su tun makon jiya."

Yadda ta kai gida, ita ma ba ta sani ba.

Uwar mijin ta saurari labarin har ƙarshe. Ba ta yi ihu ba. Ta yafa mayafinta ta nufi shagon, ta tarar da shi ya kafa waya yana shirin ɗauka.

"Tashi mu je."

"Yaya, ki tsaya in yi miki bayani, waɗannan mutanen..."

"Na sha bayani. Tashi."

Tafiyar yini guda ce a mota zuwa inda aka binne su. A gefen maƙabartar suka tarar da kaburbura goma sha ɗaya a jere, ƙasarsu ko bushewa ba ta gama yi ba. Babu suna ko ɗaya, sai lamba a jikin ƙaramin allo.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, sannan ta juyo.

"Ni ce na goya ka, auta. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau zan roƙa. Kai da ka san abin da ke faruwa a bayan rana, nuna min wanne ne ɗana."

Farfesa ya tsaya yana duban allunan.

"Nuna min mana," in ji ta. "Ina so in san inda zan tsaya."

Darasi: Wanda bai sani ba kuma ya ƙi cewa "ban sani ba", ba kansa kaɗai yake cuta ba. Masifar da ta faɗa wa wasu ba dandalin nuna iyawa ba ce, kuma duk bidiyon shirmen da ka yaɗa, akwai mai makoki da zai iya gaskata shi. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman farfesoshin da ke cikin kowane gida.